Yadda zaka cancanci kuɗin SSDI a Amurka idan ciwo ya hana ka aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Na daɗe ina son rubuta wannan bayanin saboda kusan duk lokacin da wani daga cikinmu ya kwanta ciwo sai a kira ni a waya ana tambaya wai akwai wani kuɗi da gwamnati ke bai wa wanda ya kasa aiki, ya ake samun sa, wa ya cancanta, kuma abin da ke min ciwo shi ne yawanci sai bayan an yi shekara biyu ko uku ana fama, an cinye ɗan abin da aka tara, an ci bashi, sannan ake tambaya. Toh gashi nan a rubuce, wanda ya karanta ya tura wa wanda bai gani ba.

Da farko mu cire wani abu daga ranmu. Mutanenmu da yawa suna jin nauyin neman kuɗin nan, suna ganin kamar bara ce ko sadakar gwamnati. Wallahi ba haka bane. Ɗauko takardar albashinka ka duba, zaka ga wani layi da aka rubuta FICA ko Social Security, duk biyan da aka maka sai an cire kashi 6.2 cikin ɗari, kamfanin da kake wa aiki shi ma ya ɗora 6.2 nasa. Wani yanki na wannan kuɗin inshora ce kake biya saboda ranar da jiki zai ƙi. Tun 1956 aka shigar da wannan tsarin, wato SSDI, inshorar wanda ciwo ya hana aiki, cikin dokar Social Security zamanin shugaba Eisenhower, kuma hukumar da ke kula da shi ita ce SSA. Gumin ka ne, haƙƙin ka ne, don haka babu abin kunya a ciki.

Akwai shiri biyu da mutane ke haɗawa, SSDI da SSI, kuma ba ɗaya bane. SSDI na wanda ya yi aiki ne ya biya haraji, ba ruwan su da ko kana da gida ko mota ko matarka na ɗaukar albashi mai kyau. SSI kuwa na marasa ƙarfi ne, ko baka taɓa aiki ba zaka iya samu, amma dukiyarka da ake ƙirgawa kada ta wuce dala 2,000 in kai kaɗai ne, ko 3,000 in mata da miji ne, mafi yawan abin da yake biya a 2025 dala 967 ne a wata ga mutum ɗaya, sannan tun dokar 1996 an tsaurara shi sosai a kan wanda ba ɗan ƙasa ba. Maganata yau a kan SSDI take, shi kuma ba sai kana da fasfon Amurka ba, mai girin kad da duk wanda ke zaune bisa ƙa'ida da izinin aiki zai iya nema in ya cika sharuɗɗa.

Sharaɗi na farko shi ne maki, su suna ce masa kiredit. Duk shekara zaka iya tara maki huɗu, ba ya wuce haka ko da miliyan ka samu. A 2025 kowane dala 1,810 da ka samu ta aikin da aka biya masa haraji maki ɗaya ne, kenan dala 7,240 ta cika maka huɗu na shekarar, ko a wata biyu ka same ta shikenan ka cika. Adadin yana ƙaruwa kaɗan kowace shekara. Yawan makin da ake nema ya danganta da shekarunka lokacin da ciwon ya kama ka. Wanda bai kai 24 ba maki 6 kawai ake nema cikin shekara uku kafin ciwon. Tsakanin 24 zuwa 31 ana son ka yi aiki rabin lokacin da ke tsakanin cikarka 21 da ranar da ka naƙasa, misali mai shekara 27 yana buƙatar aikin shekara uku, maki 12. Daga 31 zuwa 42 maki 20 ne, daga nan yana hawa a hankali, mai shekara 50 maki 28, mai 62 maki 40.

Amma ga inda mutane suke faɗawa rami. In ka kai 31, bai isa ace ka taɓa tara makin ba, dole 20 daga ciki su kasance cikin shekara goma na ƙarshe kafin ka naƙasa. Wato inshorar tana ƙarewa kamar yadda ta mota ke ƙarewa in ka daina biya. A ce mutum ya yi aiki ba fashi har ƙarshen 2019 sannan ya ajiye, to kariyar sa tana nan har ƙarshen Disamba 2024, bayan nan ta faɗi. Zai iya nema a 2026, babu wanda ya hana, amma sai ya kawo hujjar likita da ke nuna tun kafin ƙarshen 2024 ciwon ya riga ya hana shi aiki. Yanzu ka duba yadda muke yi, mutum jiki ya ƙi sai yace bari in koma gida in huta a yi min magani, ya yi shekara huɗu biyar can ba takardar asibiti ko ɗaya, ya dawo yana neman haƙƙinsa ace masa lokacin ya wuce kuma babu shaidar cewa yana ciwo a wancan lokacin. Dan Allah in zaka tafi jinya gida ka fara shigar da takardarka, ko aƙalla ka san ranar da kariyarka zata ƙare.

Na biyu shi ne aikin da ake biya hannu da hannu ba takarda. Mai kitso a gida, mai aikin shago da ake miƙa wa kuɗi ranar Juma'a, mai kai kaya, a wurin SSA duk waɗannan shekarun babu su in ba a bayyana kuɗin ba. Su kuma 'yan uwanmu masu tuƙa Uber da Lyft da tasi, babu wanda ke cire muku FICA, ku ne zaku biya da kanku lokacin fayilin haraji, kashi 12.4 na Social Security da 2.9 na Medicare, kuma a kan ribar da ka bayyana ake lissafa makinka ba a kan abin da ya shigo ba. Mai yi maka haraji zai cire mil, ya cire waya, ya cire wannan ya cire wancan har ribar ta dawo dala dubu biyu, kai kana murna baka biya komai ba, alhali shekarar nan maki ɗaya ka samu kuma kuɗin da za a lissafa maka in ka naƙasa ya ragu. Abin da doka ta baka damar cirewa ka cire, amma ka san abin da kake yi, kuma kada ka bari a ƙara maka abin da baka kashe ba.

Yau ɗin nan ka shiga ssa.gov ka buɗe akawun ɗin my Social Security, kyauta ne. Zaka ga jerin abin da aka rubuta ka samu shekara bayan shekara, zai faɗa maka ko makinka ya isa da kimanin abin da za a biya ka. In ka ga wata shekara an sa sifili kuma ka san ka yi aiki, nemo W-2, wato takardar da kamfani ke baka ta jimillar albashin shekara, ko takardun albashin shekarar ka kai a gyara, a ƙa'ida shekara uku da wata uku da kwana 15 ake bayarwa na gyara, ko da yake akwai yanayin da ake karɓa bayan haka.

Sharaɗi na biyu, ciwon kansa. Ma'anar naƙasa a wurin su mai tsauri ce. Dole ya zama ciwo ne na jiki ko na ƙwaƙwalwa da likita ya tabbatar da gwaji, ya hana ka aikin da zai kawo kuɗin kirki, kuma ya ɗauki wata 12 ko ana sa ran zai ɗauka, ko ana ganin shi ne ajali. Babu rabin naƙasa a SSDI, babu na wata uku. Wanda ya karye zai warke cikin wata shida ba nan zai nufa ba, sai dai inshorar wurin aikinsa, ko ta jiha in yana California, New York, New Jersey, Rhode Island ko Hawaii, su suna da ta gajeren lokaci. Amma ka lura da kyau, ba a ce sai ka jira wata 12 sun cika kafin ka nema ba. Da zarar likita ya ga abin zai yi tsawo ka shigar.

Tambaya biyar suke bi ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, kana aiki yanzu? In abin da kake samu a wata ya wuce dala 1,620 a lissafin 2025, ko 2,700 ga makaho, to a nan maganar ta tsaya, ba za su ma buɗe fayil ɗin asibitinka ba. Ta biyu, ciwon yana da tsananin da ya taɓa abubuwan da aiki ke buƙata, tsayuwa, zama, ɗaga kaya, tuna abu? Ta uku, yana cikin kundin cututtukansu da ake kira Blue Book, kuma ya kai matakin da aka rubuta? Kundin yana intanet kowa zai iya karantawa, sashe 14 ne na manya, ƙashi da gaɓoɓi, zuciya, huhu, ƙoda, jini, jijiya, kansa, taɓin ƙwaƙwalwa da sauran su. Sunan ciwo kaɗai ba ya wadatarwa. Ɗauki sikila tunda tana cikin mutanenmu, abin da suke nema shi ne ɗaya daga cikin irin waɗannan: ciwon ya tashi sau shida cikin wata 12 har sai da aka yi maka allurar kashe zafi mai ƙarfi, da tazarar kwana 30 tsakanin kowanne, ko an kwantar da kai sau uku cikin wata 12 kowanne aƙalla awa 48, ko awon jininka ya sauka zuwa 7.0 ko ƙasa sau uku cikin shekarar. Kaga kenan mai sikilar da yake daurewa a gida yana shan magani yana juyi a kan gado har ya lafa, ciwonsa bai fi na kowa sauƙi ba, amma a takarda babu abin da za a ƙirga. Wanda ake wa wankin ƙoda akai akai shi nasa a bayyane yake cikin kundin. Sannan akwai cututtuka sama da 250 masu tsanani irin su kansar wata gaɓar ciki da ake kira fankiriyas da ciwon ALS mai shanye jijiyoyi da suke hanzarta hukunci a kansu.

In ciwonka bai cika abin da kundin ya faɗa ba kada ka karaya, mutane da yawa ba ta nan suke samu ba. Sai su auna abin da ya rage maka na ƙarfi, awa nawa zaka iya tsayawa, awa nawa zaka zauna, fam nawa zaka ɗaga, 10 ne ko 20 ko 50, zaka iya sunkuyo, zaka iya mayar da hankali. Da wannan awon zasu yi tambaya ta huɗu, zaka iya komawa aikin da ka saba? Da can shekara 15 baya suke dubawa, daga Yunin 2024 aka mayar shekara biyar. Ta biyar kuma, in ba zaka iya wancan ba, akwai wani aikin daban a ƙasar da zaka iya, ko da ba a garinku yake ba, ko da ba a ɗaukar mutane yanzu? A nan shekaru da ilimi ke shigowa. Matashi ɗan 35 sai suce zai iya koyon aikin zama. Wanda ya kai 50, balle 55, da ya yi rayuwarsa yana aikin ƙarfi a sito ko gini kuma bai da wata sana'ar da zai ɗauka zuwa aikin ofis, ƙa'idar ta fi sassauta masa. Wani abu da ya shafe mu kai tsaye, da can rashin jin Turanci yana cikin abin da ake dubawa, amma tun Afrilun 2020 aka cire shi, saboda haka kada wani ya ce maka ka nuna baka jin Turanci zai taimaka, ba ya ƙara komai, kuma ƙarya a takardar gwamnati laifi ne babba.

Yanzu ga abin da ya sa ni zaman rubutun nan. Wanda zai yanke hukunci a kan takardarka ma'aikaci ne a wani ofishin jiha da ake kira DDS tare da likitansu, kuma yawanci ba zasu taɓa ganin fuskarka ba. Abin da likitocinka suka rubuta shi ne kai a wurin su.

Akwai wani yayanmu da na raka asibiti ina masa tafinta, shekara da shekaru yana ɗaukar kaya a sito har bayansa ya lalace. Daga mota zuwa ƙofar asibitin sau biyu muka tsaya yana dafa kafaɗata yana sauke numfashi, a ɗakin jira ma kasa zama ya yi sai jingina da bango. Muna shiga likita ta tambaye shi ya jiki, ya yi murmushi yace "Alhamdulillah, da sauƙi." Na juya nace "Yaya, haka zan faɗa mata?" Yace "To me zan ce, ai mun gode Allah." Na fassara kamar yadda ya faɗa, ta juya ta buga a kwamfuta. Da muka karɓo fayil ɗinsa bayan watanni muka zauna muna dubawa, kusan duk zuwa abu ɗaya aka rubuta, mara lafiya yace yana samun sauƙi. Matarsa tana gefe tana hawaye tana cewa mutumin da ni nake sa masa safa da safe, a zaune yake sallah fiye da shekara. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a takarda. Likitar ba ta yi laifi ba, abin da aka faɗa mata ta rubuta.

Tarbiyyarmu ce, mutum ko yana gargara in an ce ya jiki sai yace da sauƙi, kuma godiyar Allah wajibi ce ba mai ja. Amma ka gode wa Allah sannan ka faɗa wa likita gaskiyar abin da ke damunka, ɗaya ba ya kore ɗaya. Kuma ka faɗa da adadi. Kada kace bayana na ciwo kawai, kace ba na iya tsayawa fiye da minti goma, in na zauna minti ashirin sai na tashi, galan ɗin madara ba na iya ɗagawa, sau uku nake farkawa da dare, maganin nan yana sa ni jiri har ba na iya tuƙi, a wata kwana takwas ba na iya tashi daga gado. Ka roƙi likita ya rubuta. Kada ka ƙara gishiri kuma kada ka rage.

Haka maganar ciwon damuwa da firgici da sauran lalurar ƙwaƙwalwa. Mun fi ɓoye wannan fiye da komai don kada a ce wane ya taɓu, alhali suna cikin kundin, kuma SSA tana haɗa duka cututtukanka ta duba tasirin su gaba ɗaya, ciwon baya da suga da damuwa in an haɗa zasu iya kaiwa inda ɗaya shi kaɗai bai kai ba. Addu'a da ruƙiyya da maganin gargajiya kowa da abin da ya yarda da shi, amma ba sa zama hujja a fayil, hujja sai daga likita mai lasisi, ko likitan ƙwaƙwalwa, ko manyan nas da mataimakan likita da doka ta amince da su, tare da hoton MRI, awon jini da makamantan su. Sannan in an rubuta maka magani ko gashi ko tiyata ka ƙi bi ba tare da dalili mai ƙarfi ba, wannan kaɗai zai iya sa a hana ka. In rashin kuɗi ne ya hana ka zuwa asibiti ka faɗa a rubuta, kuma ka nemi Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga marasa ƙarfi, ko ƙananan asibitocin unguwa da ke karɓar kuɗi daidai ƙarfin mutum, don kada a ga wata takwas ba ka ga likita ba a ɗauka ka warke.

Shigar da takardar hanya uku ce, ta intanet a ssa.gov, ta waya a 1-800-772-1213, ko ka nemi a baka rana a ofishinsu mafi kusa. Suna bada tafinta kyauta, kace Hausa kake so. Ni ina ganin gara tafintan nasu da ka ɗauko ɗanka ɗan shekara 15 ya fassara, don akwai abin da uba ba zai iya faɗa a gaban ɗansa ba kuma wataƙila shi ne abin da ya fi muhimmanci. Ranar da ka fara tuntuɓar su da niyyar nema ana iya riƙe ta a matsayin ranar shigarwa, don haka kada ka tsaya sai ka haɗa komai, fara tukuna. Abin da zaka tanada: lambar Social Security, shaidar haihuwa, takardun zama, W-2 ko fayilin harajin bara, sunaye da adireshi da lambar wayar duk likita da asibitin da ka je da ranakun, jerin magunguna, ayyukan da ka yi, da lambar akawun ɗin banki. Zaka sa hannu a fom SSA-827 wanda ke basu izinin karɓo bayananka daga asibiti, amma kada ka dogara da haka kawai, kai ma ka karɓi kwafi ka karanta, ka tabbatar an kai. In kana da takardun asibitin da aka maka a wata ƙasa su ma ka haɗa.

Fom ɗin da na fi so ka natsu a kansa shi ne SSA-3373, wanda ke tambayar yadda kake wuni. Kana girki? Kana cefane? Kana wanka da kanka? Mutum sai ya rubuta eh kawai ya wuce. Eh ɗin nan ba ta faɗi cewa a kan kujera kake girkin ba, kuma shayi ne da ƙwai, kuma bayan ka gama sai ka kwanta awa ɗaya. Rubuta duka. Ka bada labarin yawancin kwanakinka, ba ranar da ka tashi garau ba. Haka a fom ɗin tarihin aiki, sunan muƙami ba ya nuna komai, in an ce maka sufabaiza amma wuni kake kana ɗaga kwali mai fam 50 ka rubuta haka, in ba haka ba zasu ɗauka aikin zama kake yi suce ka koma. Wani lokaci zasu tura ka wurin likitansu a kuɗinsu, ka je ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, rashin zuwa na iya kashe maganar. Duk wasiƙar da ta zo ka buɗe a ranar, in ka sauya gida ko lambar waya ka sanar.

Daga nan sai haƙuri, hukuncin farko kan ɗauki wata shida zuwa takwas. Kuma ka shirya zuciyarka, kusan biyu cikin uku ana ƙin su a karon farko. Shi ma yayan namu haka ta faru da shi, yace shikenan ba rabonsa bane a bari, da ƙyar muka shawo kansa. Kana da kwana 60 daga ranar da ka karɓi wasiƙar ka ɗaukaka ƙara, suna ɗauka ta iso ka kwana biyar bayan ranar da ke jikinta. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a bar kwanakin su wuce sannan a sake sabuwar takarda, wannan yana sa ka rasa kuɗin baya, wato na watannin da suka wuce kafin a amince, wani lokaci ma kariyar taka ta ƙare a tsakani. Mataki huɗu ne, sake dubawa, zama gaban alƙali, majalisar ɗaukaka ƙara, sai kotun tarayya. Zaman alƙali shi ne inda a karon farko mai hukunci zai ji muryarka, ko ido da ido ko ta bidiyo ko ta waya, yawanci da wani masanin ayyuka da alƙali zai tambaya ko mai irin lalurarka yana da aikin da zai iya, kuma a wannan matakin ne mutane da yawa da aka ƙi a baya suke samu. Kafin ranar ka tabbatar sabbin takardun asibiti sun shiga aƙalla kwanakin aiki biyar kafin zaman.

Lauya ba dole bane amma a matakin alƙali ina bada shawara ka nema. Ba a biyan sa kuɗin aiki sai an ci nasara, yana ɗaukar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin baya, kuma a yarjejeniyar da aka saba ba ya wuce dala 9,200 tun ƙarshen Nuwamban 2024, SSA ce ke cirewa ta ba shi. Zai iya neman ka biya ɗan kuɗin karɓo takardun asibiti, wannan daban ne, ka tambaya tun farko. Duk wanda yace kawo dubu biyu yanzu ya san wani a ciki, ka guje shi.

In Allah ya sa an amince, akwai jiran wata biyar cikakku daga ranar da suka yarda ka naƙasa, ba a biyan su, sai masu ALS ne aka ɗauke wa. Misali an ce ciwon ya hana ka aiki daga 10 ga Janairun 2025, Fabrairu zuwa Yuni jira ne, haƙƙinka ya fara a Yuli, kuɗin Yuli kuma a Agusta yake shigowa. Zasu iya biyan ka baya har wata 12 kafin ranar da ka nema, ba fiye ba, shi ya sa jinkiri asara ce. Yawan kuɗin ya danganta da abin da ka samu a tsawon aikinka ba tsananin ciwon ba, matsakaici a farkon 2025 kusan dala 1,580 ne a wata. 'Ya'yanka da basu kai 18 ba, ko 19 in suna sakandare, da matarka ko mijinki a wasu yanayi, su ma zasu iya samun wani kaso, ka ambace su. Medicare kuma, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi da masu SSDI, sai bayan wata 24 da fara haƙƙinka, a misalin nan Yulin 2027 kenan, don haka ka riƙe Medicaid ko wata inshorar kafin nan. In kana karɓar diyyar rauni a wurin aiki ka faɗa musu, don in an haɗa biyun suka wuce kashi 80 na abin da kake samu da, ana rage SSDI ɗin.

Lokaci lokaci zasu sake duba lafiyarka, wanda ake sa ran zai warke cikin wata 6 zuwa 18, wasu bayan shekara uku, wasu har bakwai, saboda haka kada ka daina zuwa asibiti don kuɗi sun fara shigowa. In ka ji ƙarfi kana son gwada aiki akwai dama, wata tara na gwaji cikin wata 60 da zaka yi aiki kana karɓar kuɗinka cif, a 2025 duk watan da ka samu sama da dala 1,160 ana ƙirga shi cikin taran. Sharaɗin kawai ka sanar da su ka fara aiki, in ka yi shiru zasu gano ta haraji su nemi ka mayar da abin da aka biya ka fiye da ƙa'ida. Da ka kai shekarun fansho, 67 ga wanda aka haifa daga 1960, kuɗin yana juyawa ya zama na ritaya da kansa.

Sai maganar tafiya gida, tunda nasan ita za a fi tambaya. Ɗan ƙasa yana ci gaba da karɓar SSDI a kusan ko'ina yake, banda Kuba da Koriya ta Arewa. Wanda ba ɗan ƙasa ba in ya yi wata shida cikakku a jere a waje ana tsayar da kuɗin, sai in ya faɗa cikin waɗanda aka keɓe, wannan kuma ya danganta da ƙasar da yake riƙe da fasfonta da yawan makinsa, akwai shafi a ssa.gov da zaka zaɓi ƙasarka ya nuna maka matsayinka. SSI shi ko kwana 30 ka yi a waje ya tsaya, sai ka dawo ka yi wasu kwana 30 a jere kafin ya ci gaba. Kafin ka yanki tikiti ka kira su ka faɗi ranar tafiya da ranar dawowa, ka rubuta ranar da ka kira da sunan wanda ya amsa maka a ɗan littafin da kake ajiye takardunka.